Turba mai sauƙi ba a kilomita ake gane ta ba

Allon da ke bakin turbar ya ce kilomita 4. Na dube shi na yi dariya, na ce wa ɗan yayata, "Wannan ai kafin ka gama ɗaure igiyar takalminka mun je mun dawo." Ya ce, "Kawu, ka dai duba da kyau." Ban duba ba. A lokacin na yi wata 3 ina zagaya unguwa kullum da sassafe bisa umarnin likita, kilomita 5 cikin sa'a guda, har na fara jin kaina wani ne.

Abu biyu ne na tsallake a jikin allon, duk da an rubuta su da ƙananan baƙaƙe. Kilomita 4 ɗin zuwa ne kawai, ban da dawowa. Sannan ƙarshen turbar ya ɗara farkonta tudu da mita 300. Hawa ɗaya na bene kusan mita 3 ne, ka ga hawa 100 ke nan. Da wani ya ce in hau bene mai hawa 100 da ƙafa in sauko, da na tambaye shi ko lafiyarsa ƙalau. Amma da yake an kwantar da benen a jikin tudu an lulluɓe shi da ciyawa, sai na kama hanya ina fito. Sa'a 4 da rabi muka yi. Ruwana ya ƙare tun kafin mu kai sama. A saukowa cinyoyina suka riƙa rawa ba kiɗa, yaron nan yana gaba ina dafe da kafaɗarsa. Kwana 3 na yi ina tashi daga gado kamar wanda aka yi wa dukan kawo wuƙa.

Shekara 6 ke nan da wannan rana. Yanzu ina da shekara 57, gwiwata ta hagu tana ƙara in na tsuguna, ban taɓa kwana a tanti ba, kuma ba ni da niyya. Ni ba mahayin tsauni ba ne. Burina ƙarami ne: in fita da safe, in yi sa'a 2 ko 3 a inda babu hon ɗin mota, in dawo gida da sauran ƙarfin yin wani abu da yamma. Masu irin wannan buri muna da yawa, kuma kalmar nan "mai sauƙi" ita ke kai mu ta baro mu, domin wanda ya rubuta ta a allo ko a manhajar waya galibi saurayi ne mai ƙafa kamar ta barewa. Sauƙinsa daban, naka daban.

Bayan na warke na zauna na nemi yadda masu abin ke lissafi. Ashe tun 1892 wani mahayin tsaunuka ɗan Sikotland, William Naismith, ya bar wa mutane ma'auni: ka ware sa'a guda ga kowace kilomita 5, sannan ka ƙara sa'a guda ga kowace mita 600 ta hawa. Wato duk mita 100 da ka hau, minti 10 ne a kan lokacin tafiyarka. Na gwada da tuduna: kilomita 8 zuwa da dawowa, minti 96, a ƙara minti 30 na hawa, sa'a 2 da 'yan mintoci. Wannan na Naismith ne, ƙaƙƙarfan mutum, kuma bai sa hutu a ciki ba, bai sa tsayawa ɗaukar hoto ko fitar da tsakuwa daga takalmi ba. Ni nawa ma'aunin shi ne in lissafa nasa in ƙara rabinsa a kai. In ina tare da yara ko da yayata, sai in ninka shi biyu, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba.

Mutanen Siwizaland sun fahimci wannan magana fiye da kowa a ganina. Suna da turbobin ƙafa masu alama sama da kilomita 65,000, amma allunansu lokacin tafiya suke nunawa, sa'a kaza da minti kaza, ba nisa ba. Launi kuma yana faɗa maka irin ƙasar da za ka taka. Rawaya zalla turba ce ta kowa da kowa. Fari da ja da fari ta kan tsauni ce, tana son takalmin kirki da ƙafa mai tabbas. Fari da shuɗi da fari kuwa, irina ko kallonta bai kamata ya yi ba. Da allon tuduna ya ce "sa'a 3" maimakon "kilomita 4", da na ɗauki gorar ruwa ta biyu.

To, ta yaya mutum zai gane turba mai sauƙi a inda ba a yi masa irin wannan gata ba? Dabarar da na tsaya a kai ita ce in bi bayan abin da ba ya son hawa. Ruwa ba ya hawa tudu. Dokin da ke jan kwalekwale ba ya so. Jirgin ƙasa ma haka. Duk inda ɗaya daga cikin ukun nan ya zaɓi hanya, ya riga ya yi maka aikin safiyo.

Ɗauki doki. Kafin a yi injin, dawakai ne ke jan jiragen dakon kaya a koguna da magudanan da aka haƙa a Ingila, suna tafe a gaɓa da igiya. Dole aka yi musu turba shimfiɗaɗɗiya a gefen ruwan. Dawakan sun tafi, turbar ta rage wa masu ƙafa. Turbar kogin Thames, wadda aka buɗe a 1996, kusan kilomita 300 ce daga mafarin kogin har cikin Landan, kuma yawancinta kan tsohuwar hanyar dawakan nan take. Ba wanda ya ce ka cinye ta duka. Mutum yakan yanki kilomita 5 tsakanin gada da gada ya koma gida. Layin dogo shi ma ba kasafai hawansa ke wuce mita 2 ko 3 cikin kowace mita 100 ba, shi ya sa ƙasashe da dama suke mayar da layukan da aka daina amfani da su turbar ƙafa da keke. Sifaniya ta fara nata shirin a 1993. Irin wannan turba tana ratsa kurmi da kwari da gindin duwatsu, kai kuwa ko haki ba ka yi, domin injiniyoyin da suka mutu tuntuni sun fasa maka dutse sun cike maka rami. A Kiyoto ta Japan akwai wata 'yar turba a gefen magudanar ruwa, ba ta fi kilomita 2 ba, ana kiranta turbar masanin falsafa saboda Nishida Kitaro, malamin jami'ar birnin, yakan bi ta yana tunani. Kilomita 2 kacal, amma daga ko'ina a duniya ake zuwa taka ta. Duk lokacin da wani ya raina min gajeriyar tafiya, ita nake tunawa.

Sai dai shimfiɗa ba ita ce aminci ba. A tsibirin Madera na Fotugal akwai ƙananan magudanan da aka fara ginawa tun ƙarni na 15 don kai ruwa daga arewacin tsibirin mai yawan ruwan sama zuwa kudu, kowacce da 'yar hanya a gefe ta masu kula da ita. Hanyar kusan ba ta hawa ba ta sauka, tunda ruwa take bi. Amma wasunsu a jikin tsauni aka sassaƙa su, magudana a hagu, rami mai zurfi a dama, wani wurin ma sai an ratsa kogo da tocila. Ƙafa ba za ta gaji ba, zuciya ce za ta gaji. Saboda haka bayan tambayar hawa, tambayata ta biyu ita ce: me zan taka, kuma me ke gefena?

Kogi shi na fi so, shi kuma na fi tsoro. Ina son sa domin ba a ɓata a gefensa: in ka tafi yana damanka, ka dawo yana hagunka, magana ta ƙare. Akwai iska, akwai tsuntsaye, ido yana samun nisan da zai huta. Ina tsoronsa domin ba ya sanarwa. Wata safiya na tsallaka wani rafi a kan duwatsu, ruwan bai kai idon sawu ba, rana tana haske ƙal. Na yi sa'a guda da rabi a ƙetare. Da na dawo duwatsun sun nutse, ruwan ya koma ja yana ɗauke da karmami da rassa. Ko ɗigo ba a yi a kaina ba. Can sama a kan tuddai aka yi ruwan, rafin ya kawo. Na tsaya ina auna shi da ido, shaiɗan yana ce min ai iyakarsa gwiwa. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu wanda zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Santimita 15 ko taƙi guda bai cika ba. Na haƙura na bi gaɓa kilomita 3 har gada, na iso gida bayan azahar ana ta kiran wayata. Tun daga ranar, turbar da sai an taka ruwa na cire ta daga sahun masu sauƙi, komai gajartarta. In kuma akwai madatsar ruwa a sama, abin ya fi haka, domin ana iya sakin ruwa tsakiyar rani ba hadari ba gajimare.

Akwai ƙananan abubuwa da kogi ya koya min da kaɗan-kaɗan. A inda ya yi kwana, ruwan ya fi gudu ta bayan kwanar, yana cin gaɓa ta ƙasa, ciyawa tana rufe da ɓarnar ta sama. Wurin da ya fi kyan tsayawa kallo, sau da yawa shi ne wanda ba komai a ƙarƙashinsa. Ta cikin kwanar kuwa rairayi yake tarawa, nan ne wurin zama. Dutsen da ya yi kore da gansakuka ya fi sabulu santsi, jiƙaƙƙen katakon gada ma haka. A ƙasashe masu zafi kuma, ruwan da ke kwance ba wurin tsoma ƙafa ba ne, komai zafin da take yi a cikin takalmi. Ƙwayar cutar tsargiya daga jikin wasu ƙananan dodon koɗi take fitowa ta huda fata ta shiga, ba sai an sha ruwan ba. Na sha ganin mutane sun cire takalmi sun zauna suna wasa da ƙafa a irin wannan ruwa, in na yi magana a dube ni kamar mai baƙin ciki.

Kurmi halinsa daban. Shi ne ya fi kowa tausayin mai tafiya da rana: inuwa, sanyi, ƙasa mai laushi da ba ta dukan gwiwa kamar kwalta. Mutanen Japan har suna suka ba wa zama cikinsa, shinrin-yoku, wato wankan kurmi, kalmar da hukumar gandun dajinsu ta fito da ita a 1982. Ni ban kai ga kiransa wanka ba, amma na san barcin da nake yi a daren da na wuni a ƙarƙashin itatuwa ba irin na sauran darare ba ne. Laifin kurmi ɗaya ne, ko'ina kama yake da ko'ina.

Ranar da muka ɓata ni da Yaya, turbar zagaye ce ta kilomita 5 kacal, an shafa wa itatuwa jan fenti a matsayin alama. Yaya ta girme ni da shekara 7, ita ce uwar yaron nan da ya sauko da ni daga tudu, kuma sai da na yi shekara guda ina lallashi kafin ta yarda ta biyo ni. Muna tafe ina ba ta labari, muka zo mararraba, na ɗauki hannun da ya fi faɗi ba tare da na nemi fenti ba. Ashe hanyar masu sarar itace ce. Ta yi ta sirancewa har ta ƙare a wani fili mai kututture. Sama ta rufe da gajimare, waya ba sabis. Na ce mu yanke ta nan, ai na san inda muka bar mota. Muka yanka. Bayan kamar minti 40 sai ga mu a gaban wani kututture mai rami a tsakiya. Yaya ta tsaya ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kai dai tun kana yaro ba ka taɓa cewa ban sani ba. Wannan kututturen ai mun gaisa da shi ɗazu."

Daga baya na gano ba ni kaɗai ke da wannan baiwa ba. A 2009 masu bincike na cibiyar Max Planck ta Jamus, ƙarƙashin Jan Souman, sun saki mutane a dajin Bienwald da na'urar bin sawu, aka ce su miƙe sak. Waɗanda suka yi tafiyar rana tana waje sun miƙe. Waɗanda gajimare ya rufe wa rana sun yi ta zagaye suna taka sawunsu, alhali suna jin a miƙe suke. Da aka ɗaure wa wasu ido a fili, har da'irar da faɗinta bai wuce mita 20 ba sun yi. Ƙafa ba ta san miƙewa ba sai ido ya ba ta abin kamawa.

Abin da ya fitar da mu shi ne abin da ya kamata mu yi tun farko. Yaya ta ce, "Zauna." Muka zauna, muka sha ruwa, zuciya ta kwanta. Sannan muka koma ta hanyar masu itacen, baya-baya, har mararrabar, ga jan fenti nan a jikin itace yana kallonmu. Yanzu ina da doka: in na yi minti 5 ban ga alama ba, ba na ƙara taku gaba, ina komawa alamar ƙarshe da na gani. A kowace mararraba kuma nakan waiwaya in kalli yadda wurin zai kasance in na fito ta ɗaya ɓangaren, domin hanya fuska biyu gare ta. Taswira tun a gida nake sauke ta cikin waya yadda za ta buɗe ba intanet, in kuma ɗauki hoton wadda ke bakin turba. Na kan ji ana cewa in ka ɓata ka bi ruwa zai kai ka gari. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wataƙila. A ƙasa mai tuddai ruwa gajeriyar hanya yake nema, kuma gajeriyar hanyarsa ita ce ya diro daga kan dutse. Kai ba za ka iya dirowa tare da shi ba.

Duhu ma da wuri yake shiga kurmi da kwari. Akwai awon da nake yi in rana ta karkata: in miƙa hannu gaba in jera yatsu tsakanin rana da inda za ta faɗi, kowane yatsa kusan minti 15, huɗu sa'a guda. A kwari ba gefen duniya za ka auna ba, bakin tudun da zai tare ta za ka auna, sannan a ƙarƙashin itatuwa ka ƙara rage wani abu. Maganar maciji ita ce tambayar da kowa ke fara yi min. Cikin shekara 6 sau 4 na gani, dukansu bayansu na gani suna gudu. Ina taka tsakiyar turba, ba na zura hannu ko ƙafa inda idona bai gani ba, kuma in itace ya faɗi ya tare hanya, hawa kansa nake yi in duba bayansa kafin in sauke ƙafa. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaurin da zai tsayar da jini. A kwantar da hankali, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Kaska ta fi maciji samuna. Dogon wando nake sawa in cusa ƙafarsa cikin safa, ko da kuwa na yi kama da abin dariya, in na dawo in duba bayan gwiwa da ƙugu da hammata. In na same ta, da matsefata nake kama ta dab da fata in ja a hankali a miƙe, ba murɗawa, ba ƙona ta da ashana.

Ban yi zuciya da tudu ba. Na koma, sai dai na koyi zaɓe. Abin da kogi da kurmi ba za su ba ka ba shi ne ka tsaya a sama ka ga ƙasa ta buɗe, gonaki da hanyoyi sun zama kamar zanen tabarma, kuma ba sai ka hau da yawa ba. Mita 100 zuwa 150 sun ishi ido. A taswira ina duba layukan nan masu lanƙwasa da ke nuna tudu: in sun ware, hawan a kwance yake, in sun matsu kamar haƙoran mataji, ba da ni ba. Turbar da ke hawa tana karkacewa hagu da dama ta fi wadda ta miƙe sak tsawo, amma ita ce ta masu hankali. Masu yanke kwana don sauri su ne ke fasa ƙasa, ruwan sama ya bi sawunsu ya mayar da wurin kwazazzabo.

Awon saurina a hawa shi ne baki. In ina iya magana jimla guda ba tare da na yanke don numfashi ba, saurin ya yi. In na koma kalma ɗaya-ɗaya, na wuce gona da iri. Taku gajere, ba tsayawa kowane minti 2, gara tafiyar hawainiya da ba ta yankewa. Sannan ka shirya wa yaudarar tudu: ka hango ƙololuwa ka tattara ƙarfinka ka isa, sai ka tarar da wata a bayanta tana jiranka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wani tudun sau uku zai yi maka haka.

Amma saukowa ita ce inda ake biyan bashi. A hawa huhu ne ke wahala, kuma da ka tsaya ya huce. A saukowa tsokar gaban cinya ce ke riƙe nauyinka kamar birki a kowane taku, tana miƙewa tana kuma ɗaure, irin aikin da ya fi kawo tsamin jikin nan da ba ya bayyana sosai sai bayan kwana ɗaya ko biyu. Gajiya ta riga ta shiga, hankali ya tafi gida, tsakuwa tana mirginawa ƙarƙashin diddige. Targaɗen da na taɓa yi guda ɗaya ne, kuma ina hango mota na yi shi. Sanda ta sauya min saukowa gaba ɗaya. Da farko kunya nake ji, ina ganin kamar na sallama wa tsufa, har na lura samarin da ke wuce ni guda biyu-biyu suke riƙewa. In gangarar ta yi tsanani, gefe nake juyawa in sauko a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Farcen ƙafa kuma a yanke shi tun a gida, in ba haka ba babban yatsa zai yi ta dukan bakin takalmi har farcen ya yi baƙi.

Kan tudu ba wurin jiran hadari ba ne. Ƙara tana tafiyar kusan kilomita guda cikin daƙiƙa 3, saboda haka in ka ga walƙiya ka fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa, ka raba abin da ka samu gida uku, nisan tsawar ke nan a kilomita. In ba ka kai 30 ba ka ji ta, tana cikin kilomita 10, kuma hakan kusa ne. Sauka za ka yi, ba fakewa ƙarƙashin itace guda da ke tsaye shi kaɗai ba. Ni ma ba na bari ta kai ga ƙirga. Kafin in bar mota nake yanke lokacin juyawa, in ce ƙarfe 11 ko ina ina zan juya, kuma nakan juya ko da ƙololuwar na gabana. Tudun ba inda za shi.

Kaya ba na son dogon bayani a kansu, masu sayarwa sun yi wannan aikin har ya yi yawa. Takalmin da ƙafarka ta saba da shi, mai gurza-gurza a ƙasa. Sabon takalmi a zagayen unguwa ake horar da shi, ba a fafe gora ranar tafiya. Safa mai kauri, da filasta a aljihu: da ka ji wani wuri ya fara zafi a ƙafa ka zauna ka manna, kada ka jira ya zama bororo. Ruwa, kusan rabin lita ga kowace sa'a, fiye da haka in ana zafi. Hula, 'yar tocila ko da safe ka fita, usur, da leda ta kwaso sharar da ka yi. Abin da ya fi duk waɗannan ba ya da nauyi: ka gaya wa wani a gida inda ka nufa da lokacin da za ka dawo. Ni saƙo nake tura wa matata da hoton allon bakin turba, ta san in an wuce sa'a guda a kan lokacin ba ta ji ni ba, ta fara neman mutane.

Akwai lokacin da ƙirgen taku ya kama ni, kullum sai na cika 10,000 ko da zagaya falo ne da dare. Sai na ji asalin lambar: wani kamfanin Japan ne ya fitar da na'urar ƙirga taku a 1965 ya sa mata suna manpo-kei, ma'aunin taku dubu goma. Sunan talla ne ya zama doka. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako. Fita guda ta sa'a 2 a gefen kogi, da 'yan zagayen unguwa, an wuce wurin. Na cire agogon ƙirgen na ba wa jikata tana wasa da shi.

Yaya ba ta sake yarda da kurmi ba, tudu kuwa ta ce wanda ya ajiye wani abu a sama ya je ya ɗauko. Kogi ne nata. Makon jiya muka fita da niyyar kilomita 6, gada zuwa gada. Ba mu yi 2 ba ta kama hannun rigata ta nuna min da haɓa. Zalɓe ne tsaye cikin ruwa ta cikin kwanar, inda rairayi ya taru, wuyansa a naɗe, ko gezau. Ta shimfiɗa mayafinta a kan wani busasshen dutse ta zauna, ta ce ba inda za ta sai ta ga ya kama kifi. Na ce, "Yaya, lokaci fa." Ta ce, "Wa ke jiranka a gadar?" Na jingine sandata na zauna. Minti 40 muka yi. Sau ɗaya ya miƙa wuya a hankali har muka riƙe numfashi, sai ya fasa ya mayar. Daga ƙarshe wani mai keke ya wuce yana buga ƙararrawa, zalɓen ya buɗe fukafukai ya bi ruwa ya yi ƙasa, bakinsa ba komai. Yaya ta miƙe ta kakkaɓe mayafi, ta ce Asabar mai zuwa mu zo da wuri, kafin masu keke su tashi.